Ɗaki ɗaya da kicin da banɗaki: yaya kuka yi da kayan ɗaki?

Ango mai jiran gado, Kubwa: Assalamu alaikum. Na kama sel-konten a Kubwa, ɗakin ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, sai ɗan kicin da banɗaki a ciki. Biki ya matso, iyayen amarya kuma sun fara maganar gado 6 da 6, saitin kujeru, wadrof da madubi. Nauyinsu nake ji, na kasa cewa komai. Don Allah waɗanda suka zauna a irin wannan ɗaki su faɗa mana yadda suka yi.

Maman 'yan biyu, Mararaba: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya alheri. Kada ka yi maganar da bakinka. Ka sa a kawo gwaggon amarya ko yayarta ta ga ɗakin da idonta tun kafin a ba kafinta kuɗi. Haka aka yi a nawa. Yayata ta shiga, ta tsaya a tsakiya ta juya, ta koma gida ta ce a soke kujerun. An yi mini gado ƙafa huɗu da rabi mai durowa huɗu a ƙasa, da kujera ɗaya mai zaman mutum uku. Zannuwan gado, labulen canji da atamfofin da ban ɗinka ba duk a ƙarƙashin gadon suke. Kuɗin kujerun aka saya mini firji da shi. Ranar jere wasu sun yi ƙananan maganganu, ba a rasa ba, amma su kwana ɗaya suka yi, ni ce na zauna.

Malamin lissafi, Zariya: Yi lissafin a takarda ka ba su. Gado 6 da 6 shi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakinka, kan gadon da durowar gefe ba su shiga ciki ba. Abin da na fara warewa a nawa ɗakin shi ne wurin sallah. Na duba alƙibla, na shimfiɗa darduma biyu, tawa a gaba ta iyali a baya, na zana da alli. Abin da ya rage shi na raba wa kaya. Ka auna faɗin ƙofa ma, da kwanar barandar da za a bi da kayan.

Ma'aikaciyar jinya, Lugbe: Ni gadon bango nake da shi, irin wanda ake ɗagawa da safe ya tsaya kamar wadrof. Ni kaɗai ce, kuma da rana ɗakin falo yake komawa, ƙawaye su zauna a kafet mu ci abinci a sake. Ina jin daɗinsa ƙwarai. Teburina ma a bango yake, in na gama karatu na naɗe shi.

Kafinta daga Panteka, Kaduna: Anti, naki ya yi kyau ne don bangonki ya riƙe. Na sha zuwa ɗaura irin wannan gadon in tarar da bulo mai inci 6 da aka ƙwange wa siminti, kana huda shi yana zubar da yashi. Irin wannan bango ba na yarda in rataya masa nauyin da mutum zai kwanta a kai. Sannan ba kowane mai gida ke yarda a huda masa bango ko tayil ba, ango ka tambaya tukuna. Ga mai iyali kuma, ranar da mace ke da tsohon ciki ko yaro ba lafiya, gadon a ƙasa zai wuni.

Maganar katako ita ce ta fi damuna. MDF, wato allon da ake yi da garin katako a matse, yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa. A ɗaki ɗaya ƙofar banɗaki na kusa da komai, ga mofin kullum, damina ɗaya sai ka ga gindin wadrof ya kumbura yana ɓarewa. Ka ce a yi maka ƙasan da falawud mai jure ruwa, a sa masa ƙafafu ya tashi daga ƙasa kamar inci huɗu, tsintsiya ma ta samu shiga. Ƙofar wadrof a yi mai zugewa gefe, don mai buɗewa waje sai ka bar mata fili a gabanta. A kai shi har silin, akwatunan lefe su hau can sama. Kuma tunda haya kake, a haɗa komai da sukuru yadda za a kwance ranar tashi, kada a buga da ƙusa da gam. In za ka kasuwar katako ta Kugbo ko ta Dei-Dei, tafi da awonka a rubuce.

Maman 'yan biyu, Mararaba: Malam kafinta ya gama magana. Ƙari ɗaya a kan kicin: kanta a bango, tukwane a rataye, silinda mai kilo 6 ta ishe ku ku biyu. Kada a rufe silindar cikin durowa marar iska, tagar kicin kuma kada wani kaya ya toshe ta. Ku bar wa jarkokin ruwa gurbi tun yanzu, don ranar da famfo ya ɗauke sai kun tara.

Ɗalibi, Kano: Kanta marar murfi da hunturu wahala ce, ƙura ta cika mini littattafai da kwanuka sai da na sa labule a gaba. Baƙi kuma tabarma da tum-tum biyu nake fito musu da su, in sun tafi na tura ƙarƙashin gado.

Ango mai jiran gado, Kubwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da amarya, gwaggonta za ta zo ganin ɗakin ranar Asabar. Malam kafinta, gado mai durowa da wanda ake ɗaga katifarsa a zuba kaya a ciki, wanne ya fi dacewa in gefe ɗaya na gadon zai jingina da bango?