Buɗe asusun banki a Ingila ga sabon zuwa

Abin da na tsinta daga hirarmu da ƴan uwa da suka daɗe a Ingila, babbar matsalar ita ce shaidar adireshi, ka sauka jiya ina za ka samo takardar kuɗin wuta da sunanka? Shi ya sa yawanci suka ce a fara da manhajar banki ta Monzo ko Revolut, a waya ake buɗewa, ka ɗauki hoton fasfo da na fuskarka. Ɗalibi kuma ya karɓi wasiƙar da ke shaida wa banki ɗalibtarsa da adireshinsa daga jami'arsa ya kai bankin Barclays ko HSBC.

Inda kowa ya ja kunne, don Allah kar ka yarda wani ya wuce da kuɗinsa ta asusunka ko da ɗan garinku ne, ana rufewa, kuma tabon yana iya bin sunanka har shekara 6.