Majistare ko me? Ina neman sunan aikin Di Pietro da Hausa

Jama'a a taimaka min da kalma ɗaya. Ina rubutu ne kan Antonio Di Pietro, mutumin Italiya da ya bar aikin shari'a ya shiga siyasa, sai na zo kan sunan aikinsa na shari'a, wato magistrato, na tsaya cak.

Da farko majistare na rubuta tunda kunne ya saba da ita. To amma mu in aka ce majistare ai ƙaramar kotu ce ke zuwa mana a rai, alƙali na zaune yana sauraron ƙarar satar waya ko rigimar mai gida da ɗan haya. Shi ko Di Pietro ba hukunci yake yankewa ba, bincike da tuhuma ne aikinsa. Shi ne ya sa aka kama Mario Chiesa, shugaban wani gidan kula da tsofaffi a Milan, ranar 17 ga Fabrairu 1992, daidai lokacin da ya karɓi cin hancin lira miliyan 7 daga hannun ɗan kwangilar shara, kuma daga nan asiri ya yi ta tonuwa har manyan jam'iyyun ƙasar suka wargaje, tsohon firaminista Bettino Craxi ya gudu Tunisiya, can ya mutu a 2000.

Wani ɗan uwa ya ce in sa lauyan gwamnati. Malam wallahi wannan ta fi ɓata ma'anar, domin ba a ƙarƙashin ministan shari'a yake ba. A lokacinsa mai tuhuma da mai yanke hukunci jarrabawa ɗaya suke ci su shiga aiki, majalisa ɗaya ke kula da ƙarin girmansu da ladabtar da su, dukkansu kuma magistrato ake ce musu. Wannan 'yancin ne ya ba shi damar taɓa masu mulki. Ka ce masa lauyan gwamnati, mai karatu zai ɗauka yaron gwamnatin ne.

Mai gabatar da ƙara ta fi kusa, na yarda, sai dai ba ta nuna cewa shi ke juya 'yan sanda a binciken.

Ga inda na tsaya. Magistrato gaba ɗaya jami'in shari'a, in an zo rabawa sai a ce alƙalin hukunci da alƙalin tuhuma. Wata baiwar Allah ta ce wanda bai yanke hukunci ba ai ba alƙali ba ne, kuma hajiya maganarki na da ƙarfi, amma kalmar alƙali kaɗai na samu da ke nuna gidansu ɗaya.

Ku ji yadda ta zauna: alƙalin tuhuma Di Pietro ya ajiye aiki a Disamban 1994, ya zama ministan ayyuka a gwamnatin Romano Prodi a 1996, ya kafa jam'iyyar Italia dei Valori a 1998, ya sake zama minista daga 2006 zuwa 2008. Masana shari'a da ke nan, ta shiga kunne ko da gyara?