Margit ya hana ni barci, 'yan Elden Ring ku kawo agaji

Ɗan_Karantina:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka buga Elden Ring ku zo kafin in fasa hannun gem ɗin nan. Wani abokin aikina ɗan Misira ne zai koma gida ya sayar min da PS4 ɗinsa har da kaset ɗin, ni kuma duk rayuwata ƙwallo na sani sai ɗan gem ɗin mota. Na fara lafiya lau ina ta yawo a yankin Limgrave kan doki, har na isa ƙofar fadar Stormveil na haɗu da wani tsoho mai sanda wai shi Margit. Yau kwana huɗu kenan. Ina rufe baƙala, wato shagon kayan masarufi, ƙarfe 11 na dare in watsa ruwa in zauna, kafin in ankara ana kiran assalatu. Abin da ya fi ƙona min rai yadda yake ɗaga sandar nan sama ya tsaya cak kamar mai tunanin bashi, ni kuma in mirgine, ina miƙewa ya sauke min ita a ka. In na yi sa'a na ci masa jini kusan rabi sai ya zaro wata guduma ta haske. Lebul ɗina 14. Gem ɗin ne haka ko ni ne ban iya ba?

Abu_Hanan_Madina:
Hhhhh wa alaikumus salam, sannu ɗan uwa, kowa da ka gani sai da tsohon nan ya yi masa wankin babban bargo. Ai ba yanzu ya kamata ka je wajensa ba, hasken nan da ke nuna hanya ne ya yaudare ka. Juya ka yi kudu ka tsallaka gada zuwa Weeping Peninsula, akwai coci uku a can kowanne da Sacred Tear a ciki, shi ke ƙara ƙarfin gorar maganinka, ka kuma riƙa duba gindin ƙananan bishiyoyi masu sheƙi don Golden Seed, mai ƙara yawan gorunan. Sannan ka shiga ramin haƙar ma'adinai na Limgrave Tunnels ka kwaso duwatsun ƙira, guda 12 sun isa ka kai takobinka +3 a teburin maƙerin da ke cocin Elleh. Runes ɗin da ka tara kuwa, wato kuɗin gem ɗin, zuba su a Vigor mai ƙara maka jini, ka bar zancen ƙarfi tukuna, mai rai shi ke duka. In ka dawo da lebul wajen 25 za ka sha mamaki. Kuma ka duba nauyin kayanka, in ya haura kashi 70 mirginawarka ta zama ta buhun shinkafa.

Shinobi_Riyad:
Duk abin da Abu Hanan ya faɗa gaskiya ne amma ni ina ganin matsalarka ba lebul ba ce, hannunka ne ke rawa. Da gangan FromSoftware, kamfanin gem ɗin, suka yi Margit da jinkirin duka don su kama masu danna maɓalli cikin firgici. Shiga sau biyar kar ka kai masa duka ko ɗaya, kallo kawai. Kar ka kalli sandar lokacin da take sama, jira sai kafaɗarsa ta motsa ta taho. Kuma ka mirgina ta CIKINSA ba baya ba, don in ka ja baya zai jefo maka wuƙaƙen haske ko ya daka tsalle ya same ka kana shan magani. In ya dira da gudumar nan akwai ɗan sarari, duka biyu ka ja jiki, kar ka yi haɗamar na uku, na ukun nan shi ke kashe mutane. Ni gem ɗinsu Sekiro na 2019 ne ya koya min hankali, Genichiro ya riƙe ni a saman hasumiyar Ashina sati guda cur, ranar da na kayar da shi ihun da na yi sai da maƙwabcina ɗan Fakistan ya buga min bango. Dan Allah kar ka kira kowa ya taya ka, daɗin zai ragu.

Takariya_Makka:
Kai Shinobi ku dai kun cika son wahala wlh. Mutum ya yini a tsaye yana miƙa wa mutane nono da burodi, ya dawo kuma ka ce ya shiga a yi ta kashe shi yana kallo? Miyazaki, daraktan gem ɗin, da kansa ya sa ƙararrawar kiran mataimaka a gem ɗin, ba sata ba ce. Ƙanina ka je cocin Elleh da dare wata mai babbar hula za ta ba ka ƙararrawar da kyarketai uku, kuma a bakin ƙofar Margit akwai alamar zinare a ƙasa ta wani mataimaki mai suna Rogier, kira shi. In kana son mugunta sosai ka nemi wani mayaudari mai suna Patches a kogon Murkwater Cave, in ya roƙi afuwa ka ƙyale shi, zai sayar maka da Margit's Shackle, tana manna tsohon da ƙasa har sau biyu kafin ya fito da guduma. Ni haka na wuce shi kuma ban ji kunyar kowa ba. Ka adana jarumtarka, wata jarumar mai suna Malenia na can gaba tana jiranku, ita duk dukan da ta yi maka jininta ne ke dawowa.

Shinobi_Riyad:
Anti ai ban ce haramun ba ne, na ce dai makaruhi 😂

Ɗan_Karantina:
Na gode ƙwarai jama'a. Jiya na yi kudu, na samo biyu daga cikin cocin, na ukun ya ɓace min. Na dawo na gwada shawarar Shinobi ta kallo, sau uku kawai na iya daurewa, amma wlh na fara gane kafaɗar nan. Na kai shi saura ɗan ƙiris kamar tsinke sai haɗama ta kama ni na kai duka na uku. Yau da dare zan kira kyarketan, Shinobi ka yi haƙuri, gobe ƙarfe 7 motar kaya za ta zo.