Yaro ya nace sai karatun injuna, kuma daga gida zai riƙa zuwa

Maman Sadiku: Salamu alaikum jama'a. Ɗanku ya gama WASSCE, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ya nace sai injiniyan injuna. Kuɗin hostel babu, daga unguwarmu Aboabo a nan Kumasi zai riƙa tashi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST ko Kumasi Technical University? Ku taimaka min da shawara.

Malam Tanko: Wa alaikumus salam Hajiya. Digirin KNUST shekara 4 ne. Ɗayar kuwa babbar difloma ta HND shekara 3, ga ta kusa da ku.

Awudu Sawaba: Mama, ni na yi wannan zirga-zirgar zuwa KNUST, bari in faɗa miki gaskiya. Karatun bai kayar da ni ba, hanya ce ta cinye ni. Ana idar da asuba nake fita neman trotro, wato motar haya, a Anloga Junction kuwa sai a tsaya cik. In ka makara ranar aikin hannu, abokan rukuninka sun riga sun hau injin yankan ƙarfe, kai sai kallo. Zanen injiniya ɗaya yakan ci dare guda, a gida kuma ga ƙanne, ga aike, ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki. Lissafi na faɗi a shekarar farko, sai da na sake rubutawa, har yau abin na min ciwo. Da na samu aboki a Ayeduase, unguwar da ke kusa da KNUST, da nake kwana wajensa lokacin jarrabawa, sannan na farfaɗo. Ki nema masa irin wannan tun yanzu, kuma a daina aikensa da daddare.

Baba Fita: Ku kawo shi Suame Magazine, unguwarmu ta makanikai, kawai. Mun ga masu takarda da ba su iya kwance giyar mota ba.

Awudu Sawaba: Baba, da girmanka, amma wanda ya zana giyar fa?

Baba Fita: Ɗana, in ta lalace wurin wa ake kawo ta?

Anti Rabi: Kun fara ko? Hajiya tambaya ta yi.

Malam Tanko: Maganar Baba na da ƙamshin gaskiya. Ya yi makarantarsa, in an yi dogon hutu ya je Magazine ya ɓata hannu da baƙin mai.

Anti Rabi: Hajiya, me ya samu a lissafi da fiziks? Sai mun san wannan tukuna.

Maman Sadiku: Ya tafi masallaci, in ya dawo zan ɗauko hoton takardar. Baba, nawa ake biyan masta, mai koyar da sana'ar, yanzu?

Baba Fita: Turo shi ranar Asabar in ga hannunsa.