Don Allah ku ba ni shawara: batirin na'urar karatun ƙanena ya daina riƙe caji

Yayar Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena makaho ne, tun yana ƙarami ciwon ido ya tafi da ganinsa, amma Allah Ya ba shi ƙwaƙwalwa, yanzu yana ajin ƙarshe na sakandare. Kawunmu da ke Ingila ne ya aiko masa da 'yar na'urar rubutun makafi, irin mai gida ashirin a jere, ƙananan ƙusoshi suna tasowa suna sauka yana bi da yatsa. Kafin zuwanta da tsinken huda takarda yake fama, har yatsunsa sun yi kanta. Sai da Mama ta sa baki kawun ya yarda ya saya, domin akwai 'yar tsama tsakaninsa da Baba tun rabon gadon gidanmu na Tudun Wada, har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa su. To yanzu batirin ne. Da can idan ta cika sai ya yi kwanaki bai nemi caja ba. Yanzu zai duba ta nuna saura kashi 60, kafin la'asar ta mutu. Ga jarrabawar WAEC ta matso, duk darussansa suna ciki. Wallahi na rasa barci.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya ba ki faɗi shekarunta ba, ba ki faɗi da wace caja ake sa ta ba. Batirin irin waɗannan na'urori lithium ne, kamar na waya. Bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 ƙarfinsa yana raguwa, babu makawa. Babban abokin gabarsa zafi, kuma kowa ya san Kaduna a Maris da Afrilu. A riƙa sa caji idan ya sauko kashi 20, a cire wajen 80 ko 90. Faɗuwa daga 60 zuwa sifili kuwa wani lokaci ma'aunin ne ya rikice. A bar ta ta mutu da kanta sau ɗaya, sannan a cika ta ba tare da yankewa ba, sai a ga abin da za ta nuna.

Baban Yara: Ni dai abin da na sani, ba a sa batir caji sai ya ƙare ƙarƙaf. Haka muke yi tun zamanin rediyon kaset. Ki saka shi a firji kwana ɗaya ma, yana farfaɗowa.

Injiniya: Alhaji wannan dokar tsofaffin batura ce na nikel. Lithium idan ana kai shi sifili kullum kashe shi ake yi. Firji kuma raɓa zai tara masa. Don Allah a daina yaɗa wannan.

Maman Biyu: 'Yar uwa ko me za ki yi kada ki kai wa masu gyaran waya. Ni wani na ba wa wayata a bakin kasuwa, cajin kawai ke ba ni matsala, ya dawo mini da ita sifika ba ta magana, ya ce haka na kawo ta. Har gobe ina jin zafin kuɗin nan. Ga wutar Rigasa da sai a wuni a kwana ba a gan ta ba.

Ɗan Kawo: Yaya, ni ma makaho ne, da irinta nake aiki. Tun kafin komai, yau ɗin nan ya kwafe darussansa a katin memori ko a kwamfuta. Da yawansu ana canja musu batir, amma sai ainihin nasu, a rubuta wa kamfanin a faɗi lambar da ke bayanta. Sannan ki shafa bayan, a daidai yake?

Yayar Ɗalibi: Cajarta ta asali ta ɓace tun bara, wajen mai cajin waya na bakin layinmu muke kaiwa. Ba mu da janareto, kuma yaron mai amana ne, a cikin akwati yake kulle ta da sauran wayoyi. Bayan kuwa ya ɗan taso, idan aka ajiye ta a tebur tana ɗan rawa. Amma ai tana aiki.

Injiniya: Innalillahi! Hajiya batirin ya kumbura, gas ne ya taru a ciki, yana iya kama wuta. Ki manta da gwajin da na faɗa a sama. Kada a sake sa ta caji, kada a danne murfin, kada ta kwana kusa da katifa. Akwatin nan cike da wayoyi a rumfar kwano shi ya dafa shi.

Yayar Ɗalibi: Malam ka faɗa da sauƙi. Idan na karɓe ta, da me zai yi bita? Kuma in aika wa kawu cewa ta lalace, Baba zai ce mu ne muka jawo masa magana. Wayoyi nawa ke cikin akwatin nan ba abin da ya same su?

Baban Yara: Ki gwada firjin dai.

Ɗan Kawo: Ya kwafe darussan kuwa?

Yayar Ɗalibi: Tana wajen mai caji yanzu, sai an tashi daga makaranta za a karɓo. Akwai wanda ya san inda ake samun batirin a nan Kaduna, ko sai Kano?