Na ƙara mutum na biyu a WireGuard, na farko ya daina shiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masana MikroTik, don Allah ku agaza min, yau kwana uku abin nan ya hana ni sakat.

Na kunna WireGuard (VPN, hanyar shiga netwok daga nesa) a rautar MikroTik ta ofishinmu mai manhajar RouterOS 7, tasha (port) 13231, don akawunmu ya riƙa shiga sabar (server) ofis daga gida. Lafiya lau yake aiki, sai oga ya ce shi ma a sa shi. Ina haɗa masa nasa makullin, na akawu ya tsaya cak. Wayar akawun tana nuna ta haɗu, amma ko ping (gwajin isar saƙo) zuwa rautar, 192.168.88.1, ba ya wucewa. Da na cire oga, nan take ya dawo.

A gurbin Allowed Address (adireshin da aka yarda wa mai shiga) na sa wa kowannensu 0.0.0.0/0, wato kowane adireshi. Nan na yi kuskure, ko dokar firewall ce? Ga shi jibi za a yi albashi.