Sai ta ajiye kuɗi kafin a saurari ƙararta?

Maman Khalil: Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake. Ƙanwata ta yi shekara 9 da mijinta a Auckland, can New Zealand, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, albashinta na tafiya wajen biyan bashin gidan da suke ciki. Ya sake ta, ta dawo Kano. Ta shigar da ƙara a can tana neman haƙƙinta, sai lauyansa ya roƙi kotu wai ta fara ajiye dala 15,000, in ta faɗi a biya shi abin da ya kashe. Matar da sai da ta sayar da sarƙarta ta sayi tikitin dawowa! Wannan ba toshe wa mara ƙarfi ƙofa ba ne?

Abban Yusra: Allah ya kyauta. Amma Hajiya, "haƙƙinta" kamar yaya? Ya biya sadaki, ya ciyar, ya tufatar. Wane haƙƙi kuma mace take da shi a gidan miji?

Anti Rabi: Ka karanta kuwa? An ce guminta na cikin gidan.

Barista: Yaya, ki kwantar da hankali. Dokarsu ta 1976 ta ce in aure ya kai shekara 3, gidan zama da abin da aka tara tare a kan raba su daidai. Ajiyar kuwa ba tara ba ce. Alƙali na iya sa ta idan mai ƙara na zaune a wajen ƙasar, ko ana ganin ba zai iya biya ba in ya faɗi, amma ba dole ba ne, yana duba ƙarfin ƙarar. Lauyanta ya nuna cewa gidan na can, kasonta na ciki, daga nan za a cire in ta kama.

Malam Sani: Raba daidai? Barista, ka ji tsoron Allah. Musulma ce fa. A Tuhfa, littafin fiƙihun Malikiyya, in ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida, abin da aka san na mata ne nata ne bayan rantsuwa, na maza kuma nasa. Ina rabi a nan?

Anti Rabi: Malam, wannan maganar tukwane da gado ce. Kuɗin da ta zuba a gini fa, sadaka ta ba shi? Ayar mut'a, wato kyautar da ake ba matar da aka saka, tana nan a Suratul Baƙara, aya ta 241, ban taɓa jin kun ja ta ba.

Abban Yusra: Ku dai mata da an taɓa ɗaya sai ku yi caa. Ba mu ji ta bakin mijin ba.

Anti Rabi: Kai ka ji ta bakin matarka ta fari ranar da ka hana a kwashe kayan ɗakinta?

Abban Yusra: Kar ki sako iyalina a nan, Rabi. Kayan da ni na saya da kuɗina!

Malam Sani: Shi ya sa nake cewa a daina aurar da yara Turai.

Barista: Malam, New Zealand ba Turai ba ce, tana gaba da Ostireliya.

Maman Khalil: Ni ajiyar kuɗi na yi tambaya a kai, don Allah.

Shugaban zaure, Alhaji Bala: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu na ganin Musulma ba ta da rabi a gidan miji, kamar yadda Malam ya kawo hujja daga littafi. Anti Rabi ta ba Abban Yusra haƙuri. Maman Khalil, a nemi dattawan ɓangarorin biyu su zauna, ta janye ƙarar. Na rufe zauren sai da safe.